Sharhi: Ma'aikaci Mai Son Sauya Sana'a Da Neman Digiri Cikin Gaggawa

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da kuma faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, ma'aikata da dama a ƙasar nan sun gano cewa sana'ar da suka yi shekaru suna ci da iyali da ita ba ta iya riƙe gida kuma. Malamin firamare yana hangen aikin akanta, ma'aikacin bankin da aka sallama yana hangen aikin kwamfuta, mai babbar difloma da ya daɗe a mataki ɗaya yana neman hanyar da zai wuce gaba. Duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa, tambayar farko ita ce ko suna da digiri a fannin da ake bukata. Wannan shi ya sa batun kammala digiri na farko cikin ƙanƙanin lokaci ya zama batun tattalin arziki, wanda ya kamata hukumomi su dube shi da idon basira.

Gaggawar da magidanci yake yi tana da dalili, kuma lissafi ne yake tabbatar da shi. Saurayi ɗan shekara 18 da ya shiga jami'a ba shi da albashin da zai rasa. Magidanci ɗan shekara 35 kuwa, idan ya ajiye aiki ya koma aji, kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abin da zai biya. Babbar asararsa ita ce albashin da ya bari. Ko da a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024 aka yi lissafin, shekara guda ta zaman aji tana cin Naira 840,000, shekara huɗu kuma Naira 3,360,000, ban da kuɗin rajista, littattafai, haya da cefane. Bugu da ƙari, kowace shekara da ya ƙara a makaranta an rage ta ne daga shekarun da zai mori sabuwar sana'ar kafin ritaya. Saboda haka duk tsarin ilimin da ya tilasta wa irin wannan mutum maimaita abin da ya riga ya sani, ɓarnar dukiya yake yi, tasa da ta ƙasa baki ɗaya.

Ba za a ce babu hanyoyin halal na rage lokaci ba. Ta hannun Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, wadda aka kafa a 1978, mai ƙaramar difloma, ko takardar shaidar malanta ta NCE, ko sakamakon jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko ta JUPEB, yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Digirin shekara huɗu ya koma na shekara uku ke nan. Wasu jami'o'in suna ɗaukar mai babbar difloma mai kyakkyawan sakamako zuwa aji uku idan fannin ya yi daidai da wanda ya karanta. Akwai kuma karatun wucin gadi na yamma da na ƙarshen mako, da kwasa-kwasan dogon hutu da jami'o'i suka daɗe suna shirya wa malaman makaranta. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala, doka ta ɗauke masa aikin yi wa ƙasa hidima, takardar afuwa za a ba shi, ya tsira da wata shekarar guda.

Sai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda tarihinta kansa darasi ne. An kafa ta a 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta sake farfaɗowa ba sai a farkon shekarun 2000 a mulkin Cif Olusegun Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya zama ɗalibinta har ya kai ga digirin dakta. Kusan shekara 18 ke nan ƙasar ta yi ba ta da jami'ar da aka gina musamman domin ma'aikaci. A yau jami'ar tana da cibiyoyin karatu a faɗin tarayya, kuma ɗalibinta yana iya riƙe aikinsa yana karatu. Wannan ya kawar da babbar asarar da aka ambata a sama, wato barin albashi.

To amma duk waɗannan hanyoyi suna da iyaka guda. Takarda suke aunawa, ba sa auna abin da mutum ya iya. Wanda ya yi shekara 12 yana riƙe da littafin kuɗi na kamfani, idan ba shi da difloma, daga aji ɗaya zai fara, ya zauna a koya masa shigar da kuɗi da fitar da su tare da yaran da ba su taɓa ganin rasit ba. Wanda ya yi shekara biyu a wata jami'a ya bari saboda rashin kuɗi ko haihuwa ko canjin wurin aiki, da wuya wata jami'ar ta karɓi darussan da ya ci bayan shekaru sun shuɗe. A kan wannan kuma sai a ƙara yajin aiki. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Magidancin da ya tsara shekara uku a jami'ar gwamnati a wancan lokaci ya tarar da kansa yana cikin ta biyar.

Masu babbar difloma su ne suka fi jin jiki. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin soke bambanci tsakanin babbar difloma da digiri a 2021, amma bai sami sa hannun Shugaban Ƙasa ba. A 2023 Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, ta sanar da shirin karatun shekara guda ta intanet, tare da wasu jami'o'in ƙetare, domin mai babbar difloma ya mayar da ita digiri. Ba a daɗe ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito ta ce ba da yawunta ba, ita kaɗai doka ta ba ikon tsara ƙa'idojin digiri. Hukumomi biyu da ke ƙarƙashin ma'aikata ɗaya suka yi ta musayar magana a jaridu, aka bar talaka bai san wadda zai bi ba.

Masana tattalin arziki sun san abin da ke faruwa idan bukata ta yi yawa, hanyar halal kuma ta yi ƙunci: kasuwar bayan fage ce take buɗewa. Haka aka gani a harkar canjin kuɗi, haka kuma aka gani a harkar digiri. A ƙarshen watan Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta, Umar Audu, wanda ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima da takardar. A ranar 2 ga Janairu, 2024, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan wannan shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa mutane fiye da 22,000 ne ke yawo da takardun bogi da aka samo daga ƙasashen biyu tsakanin 2019 da 2023, ya kuma ce za a zaƙulo waɗanda suka sami aiki da su.

Garin neman gira an rasa ido. Wanda ya sayi irin wannan takarda ya yi asarar kuɗinsa, aikinsa yana cikin haɗari, kuma shekarun da ya yi yana taƙama da ita da ya yi su a aji da tuni ya gama. Asarar ba ta tsaya a kansa ba. Amfanin digiri a kasuwar aiki shi ne ya sauƙaƙa wa mai ɗaukar ma'aikata gane wanda ya iya. Idan jabu ya yawaita, sai a daina amincewa har da na gaske, kamar yadda jabun kuɗi ke sa a riƙa jujjuya kowace takardar Naira a kasuwa. 'Yan Nijeriya da suka yi karatu na haƙiƙa a jami'o'in da aka amince da su a waɗannan ƙasashe sun shiga cikin zargin da ba su ji ba ba su gani ba.

Hukunta masu sayen takarda da masu sayarwa daidai ne, amma hukunci kaɗai ba zai kashe kasuwar ba muddin bukatar tana nan. Wasu ƙasashe sun nuna cewa ana iya rage lokaci ba tare da an rage karatu ba. A Ingila, Jami'ar Buckingham, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1976, tana ba da digiri cikin shekara biyu ta hanyar yin zango huɗu a shekara, wato ta mayar da dogon hutu lokacin karatu. A Amurka, Jami'ar Western Governors da gwamnonin wasu jihohi suka kafa a 1997 tana barin ɗalibi ya zauna jarrabawar darasi da zarar ya shirya, kuɗin makaranta kuma na wata shida-shida ne, don haka wanda ya zo da ƙwarewa daga wurin aiki yana gamawa da wuri, ya kuma biya kaɗan. A Faransa, wata doka ta 2002 ta ba ma'aikaci damar gabatar da shaidar abin da ya koya a bakin aiki ga kwamitin masana, su auna, su ba shi wani ɓangare na shaidar karatun ko ma dukkanta.

Masu adawa da irin wannan sauyi suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sun ce a ƙasar da ake kokawa da satar jarrabawa da sayen maki, buɗe ƙofar auna ƙwarewa zai zama wata Kwatano a cikin gida, inda duk mai wasiƙar shaida daga ubangidansa zai fito da digiri. Sun kuma ce malaman jami'a ba su wadata ba, kuma dogon hutu shi ne lokacin da suke bincike. Amsar ta farko ita ce a auna ƙwarewa da jarrabawa, irin wadda ɗaliban aji ke zaunawa, a ƙarƙashin sa ido na waje, kada a dogara da wasiƙa. A kuma ƙayyade yawan darussan da za a iya yafewa, a ware fannoni irin su likitanci da injiniya inda aikin asibiti da ɗakin gwaji ba su da madadi. Amsar ta biyu ita ce zangon dogon hutu ya zama na wanda ya ga dama, ɗalibi ya biya kuɗinsa, malamin da ya koyar a biya shi daban, kamar yadda ake yi a kwasa-kwasan hutu na malamai.

Ƙa'idojin NUC sun riga sun ba da ma'aunin da za a yi aiki da shi. A yawancin digirin shekara huɗu ana bukatar aƙalla kiredit 120, mai shiga kai tsaye kuma 90. Tun da da kiredit ake auna digiri, babu dalilin da zai sa a ɗaure shi da kalanda. Mai neman kiredit 90 da aka ba shi zango na uku a lokacin hutu zai iya gamawa cikin shekara biyu da 'yan watanni, bai tsallake darasi ko ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne NUC da NBTE su zauna su fitar da ƙa'ida ɗaya a kan matsayin babbar difloma, a samar da rumbun ajiyar sakamako na ƙasa domin darasin da aka ci a Ibadan ya yi amfani a Fatakwal ko Abuja ko bayan shekara goma, sannan Asusun Ba da Rancen Karatu, NELFUND, da ya fara karɓar takardun neman rance a watan Mayun 2024, ya yi tanadi bayyananne domin ma'aikaci mai karatu yana aiki.

Kafin hukumomi su motsa, shi ma mai son sauya sana'a akwai lissafin da ya kamata ya yi. Da farko ya bincika ko sabon digiri yake bukata. Wanda ya riga yana da digiri a wani fanni sau da yawa diflomar gaba da digiri ta ishe shi, kamar ta koyarwa ga mai son shiga aji. Mai son aikin akanta yana iya bin matakan jarrabawar ƙungiyar ICAN yana kan aikinsa. Idan kuwa digirin ya zama dole, ya tattara duk takardun da yake da su ya nemi shiga kai tsaye, ya tabbatar JAMB ta san da shigarsa, ya kuma duba ko NUC ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin kansa, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Duk wanda ya yi masa alkawarin digiri cikin watanni ba tare da jarrabawa ba, kuɗinsa yake so.

Ƙasar da masana'antunta ke rufewa wasu sana'o'i kuma ke buɗewa tana bukatar ma'aikata su iya ƙaura daga wannan fanni zuwa wancan cikin sauri da araha. Nauyin sauƙaƙa wannan ƙaura yana kan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumominta, kuma kowace shekara da aka yi jinkiri riba ce ga dillalan takardun bogi.