Raddi Ga Mai Cewa Kwamfutar Gem Sai Wadda Kamfani Ya Haɗa

Wata magana na yawo tsakanin samarin Gwadangaji da ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru masu son buɗe gidan gem ko sayen kwamfutar wasa. Tushenta wani ɗan'uwa ne mai sayar da kayan kwamfuta a nan Birnin Kebbi. Wai mai hankali wadda kamfani ya haɗa yake saye, domin tana da garanti. Wadda mutum ya sayi kayanta ɗaya-ɗaya ya haɗa kuwa, wai kame-kame ce: katin hotonta ragowar masu haƙar kirifto ne, ta fi tsada, kuma haɗa ta sai injiniya. Na yi niyyar yi wa hujjojin nan adalci, amma duk inda na juya su abu ɗaya nake ji, wato ku zo ku sayi abin da ke kan kantata.

Mu fara da garanti, tunda a kansa aka ɗora ginin duka. Malam, garantin wa? Manyan kamfanoni irin su Dell da HP galibi garantin shekara ɗaya suke bayarwa ga sabuwar kwamfuta. Yawancin abin da ke isowa shagunanmu kuwa tokumbo ne, ya yi aikinsa a Amurka ko Ingila, ya sauka a Computer Village ta Ikeja, ya biyo ta Kano ko Sakkwato kafin ya zo hannunka. Garantinsa ya ƙare tun kafin a loda shi a jirgi. Abin da ya rage shi ne alkawarin baki na mai shago, na mako ɗaya ko wata ɗaya, wanda ko kan tsohuwar fanka ana yin irinsa.

Mu ƙaddara sabuwa ce fil a leda. Duk wanda ya taɓa karanta takardar garanti ya san ba ta ɗaukar ɓarnar da hauhawar wutar lantarki ta jawo. To, mene ne ke kashe kwamfuta a garin nan? Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, da janareta mai tari, da inbata mai araha. Babban layin wutar ƙasa kansa ya faɗi sau da dama a 2024. Ashe takardar da ake yi mana alfahari da ita ta cire hannunta daga ainihin ciwon da muke fama da shi. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Ban gama da garanti ba. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne: ranar da abu ya ƙone, me zan yi? Tun 1995 kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, ma'aunin da ya sa akwatin wutar wannan kamfani ke shiga madabod ɗin wancan ba gardama. Wanda ya haɗa tasa a kan wannan tsari, in akwatin wuta ya mutu, sai ya aika Kano a sako masa wani a mota, ya kwance sukurori huɗu ya musanya. Da yawa daga kwamfutocin manyan kamfanoni kuwa, musamman irin OptiPlex na ofis da ake saƙa wa ɗan katin hoto a kira su na gem, akwatin wutarsu da mahaɗarsa na gida ne, ba sa karɓar na kowa. Sai ka jira wata gawar irin tata ta bayyana a kasuwa. Ƙarfin akwatin nasu ma sau da yawa bai wuce wat 200 zuwa 300 ba, alhali katin RTX 3060 shi kaɗai wat 170 yake ja, kuma Nvidia ta ba da shawarar akwati mai wat 550. Ranar da yaro ya so ƙara ƙarfin na'urarsa don EA Sports FC ta daina tsinkewa, sai ya tarar ƙofa a rufe take. Ga kuma AMD, wadda ta fito da mazaunin furosesa na AM4 a 2016, kuma har Ryzen 5000 na 2020 a kansa suke zama. Wanda ya haɗa a kan wannan ya canza furosesa bai yar da sauran kayansa ba. Wace takardar garanti ce ta taɓa ba mutum irin wannan?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗan'uwan bai ko ambaci zafi ba. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, in hunturu ya zo kuma ya cika komai da ƙura. Akwatin kwamfutar da aka tsara don ofis mai iyakwandishan, mai fanka ɗaya da ɗan ƙaramin mashigin iska, shaƙewa yake yi a nan, furosesa ta rage gudu don ta ceci kanta. Mai haɗa tasa shi ke zaɓen akwati mai raga a gaba, ya ƙara fankoki, ya buɗe ya kakkaɓe duk sanda ya so, ba ya tsoron ɓalle tambarin kowa.

Batun kirifto akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumbar 2022, tsofaffin katunan hoto sun cika kasuwannin duniya. Sai dai ina ɗan'uwan yake zaton masu cusa kati a tokumbo suke samo nasu? Mai haɗawa aƙalla yana riƙe katin a hannu, ya gwada shi, ya ga zafinsa kafin ya biya.

Tsada kuwa, tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 duk abin da ke shigowa da dala ya tashi, haɗaɗɗe da wanda ba a haɗa ba. Bambancin shi ne mai haɗawa yana iya saye kaɗan-kaɗan gwargwadon aljihunsa.

Sai injiniya? Yaran da ke canza gilashin waya a bakin kasuwa sun fi ƙarfin cusa RAM a raminta.

Wanda ba ya son taɓa sukundireba, ya sayi kayan da kansa, ya biya mai gyara ladan haɗawa, ya tsaya a kansa. Kafin komai kuma ya ware kuɗin sitabilaiza mai kyau. Wanda ya nace sai ta kamfani, ya sa a buɗe masa akwatin a gabansa, ya karanta ƙarfin wutar da ke rubuce, ya nemi ranar ƙarewar garanti a rubuce. In mai shago ya ƙi, ɗauki kuɗinka ka yi gaba.