"MAIGIDA YANA MITIN": CUTAR DA KE CINYE RANAR TALAKA

Duk wanda ya yi sammako a unguwar Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi zai ga yadda magina ke buɗe aikinsu. Kafin a kwaɓa siminti, babban magini zai tara yaransa a tsaye, ya ji inda aka kwana jiya, da abin da za a kama yau, da abin da ya yanke, yashi ne ko ruwa. Kafin shayi ya huce an watse, kowa ya kama aikinsa.

To, amma maginin nan da ya kai takardar filinsa ofis, amsa ɗaya zai samu a bakin masinja: "Maigida yana mitin." Tun hantsi har azahar manya na ƙunshe a ɗaki, ana karanta rahoton taron jiya, ana gardamar ranar taron gobe, shi kuwa yana kan benci, kuɗin motarsa ya tafi, aikin yininsa ya salwanta. Wannan ba shawara ba ce, zalunci ne!

Masu kare wannan ɗabi'a sukan fake da cewa shawara ɗaukar ɗaki ce. Gaskiya ne, amma wa ya taɓa ganin an ɗauki ɗaki a zaune? Ai ganuwar da Sarki Yakubu ya kewaye Bauchi da ita, wadda Ƙofar Wambai ke cikin ƙofofinta, ba dogon surutu ya ɗaga ta ba.

Su ma Turawan da aka kwaikwayi mitin daga gare su sun farga. A 1999 masana a Jami'ar Missouri ta Amurka sun gano taron zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin ɗari, ba tare da ya fi shi kyawun shawara ba. Masu ƙera manhajar kwamfuta kuwa minti 15 suka yanka wa taronsu na kullum.

Saboda haka wajibi ne kowane shugaban ofis ya tsayar da lokaci ɗaya da wuri ɗaya kowace safiya. A tsaya a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya gama, da abin da zai kama, da abin da ya tare masa hanya. Maganar da ta shafi mutum biyu, su biyun su ƙarasa ta daga baya. Minti 15 na cika a buɗe ƙofa, domin wanda ke zaune kan benci da kuɗin harajinsa aka sayi kujerun da ke ciki.