Tsakanin Kwanan Coci da Rajistar Aji

Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta a garuruwan da Kiristoci suke da yawa, daga Kafanchan har Mubi, ya san safiyar da ke biyo bayan kwanan addu'a na ƙarshen wata. Malama za ta iso da jajayen idanu, murya a dishe, ta rubuta wa yara aiki a allo, ta ce mai kula da aji ya rubuta sunan masu surutu, ita kuwa ta kifa kai a tebur. In ka tambaye ta, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya mun kwana a gaban Ubangiji." Ba ƙarya ta yi ba, kuma ban ga laifin mai neman Allah da dare ba. Abin da ke damuna shi ne mun koya wa malamanmu cewa salama tana can wurin taron farkawa, inda lasifika ke tsage kunne, aji da gida kuwa wuraren wahala ne da ake jurewa kafin Lahadi ta zagayo.

Waɗanda suka kafa ikkilisiya a ƙasar Hausa ba haka suka ɗauki abin ba. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya fi shan wahala a kan koyarwa da fassara fiye da wa'azin dandali, kuma aikinsa da na abokansa ne ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da mishan ta koma Wusasa, coci da makaranta da asibiti suka tashi kusa da juna, mai koyar da lissafi da safe shi ne mai karanta nassi da yamma. Daga wannan ɗan ƙaramin wuri aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne. Haka labarin yake a Gindiri, haka a Garkida da Waka. Malaman da suka koya wa waɗannan mutane haɗa baƙi ba a san sunayen yawancinsu ba a yau, amma ba wanda ya taɓa ce musu aikinsu na duniya ne, na fasto shi ne na Allah.

Nassin kansa ba ya goyon bayan wannan rabe-raben. Yesu ya kai kusan shekara 30 kafin ya fara wa'azi a fili, mutanen Nazarat kuma da sassaƙa suka san shi. Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti a Korinti don ya ci da guminsa. Har labarin Marta da Maryamu, wanda ake yawan jawowa don a nuna zaman sauraro ya fi hidima, in ka karanta shi a natse za ka ga abin da aka yi wa Marta magana a kai shi ne damuwa da tashin hankalin da ta shiga, ba girkin ba. Mai masaukin baƙi dole ta ɗora tukunya.

Akwai wata malamar firamare a unguwarmu, 'yar Zumuntar Mata, da nake lura da ita shekara da shekaru. Ajinta ya cika har wasu na zaune a ƙasa, rabi Musulmi rabi Kirista. Kafin a buga ƙararrawa takan buɗe rajista ita kaɗai, ta bi sunayen da yatsa tun daga sama har ƙasa, leɓɓanta na motsi. Na tambaye ta wata rana, ta ce, "Baban Ladi, yaran nan amana ne. In ban ambace su gaban Allah da safe ba, da rana sai in riƙa ganinsu kamar masu neman haukata ni." Ba ta taɓa yi wa ɗan kowa wa'azi a aji ba, kuma daidai ta yi, domin iyayen Aminu ba don a sauya masa addini suka kawo shi ba. Amma ta san wanda ya zo bai karya ba. Ta san yarinyar da ke barci a aji saboda tallan dare. Idan Bitrus, ɗan dattijon cocinsu, ya ci 38, 38 ɗin za ta rubuta da jan biro, ko da uwarsa za ta daina gaishe ta a ƙofar majami'a. An kuwa daina, na wani lokaci.

A nan ake gane bangaskiyar malami. Lokacin jarrabawar WAEC da NECO, idan aka tara kuɗin "taimako" aka ce kowa ya kau da kai, malamin da ya ce ba da shi ba zai sha baƙin jini a ɗakin malamai, wani lokaci har daga wanda suke zama benci ɗaya a coci. Amma yakan koma gida ya yi barcinsa ba fargabar komai. Ni dai ban san wata salama da ta fi wannan samuwa ga ma'aikaci ba, kuma ba a rarraba ta a wurin taro.

Gida kuwa, abin da muka yi sakaci da shi ya fi yawa. Waɗanda muka tashi a gidajen ECWA ko Angilika ko COCIN muna tuna sujadar asuba: a tashe ka ana sanyi, a miƙo Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya rabu aka ɗinke da zare, a yi waƙa ɗaya da muryar barci, ƙaramin cikinku ya karanta aya yana tuntuɓe a kan sunayen Ibraniyawa, Baba ya gyara masa, Mama ta yi addu'a tana leƙen murhu. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Da yawa daga cikinmu a nan muka iya karatun Hausa kafin makaranta ta koya mana. Yanzu uba yana taron maza ranar Talata, uwa tana zumunta ranar Alhamis, matasa suna koyon waƙa ranar Asabar, kowa yana coci amma ba a haɗuwa a tsakar gida. Malamin da ya yi haƙuri da 'ya'yan mutane tun ƙarfe takwas sai ya dawo ya sauke gajiyarsa a kan nasa. Ina ganin fastocinmu za su yi wa jama'a alheri idan suka rage taro ɗaya a mako, suka ce kowa ya zauna da iyalinsa.

Sai dai kada wani shugaba ya ɗauki wannan rubutu ya kai wa malamansa yana cewa, "Kun ji, ku yi haƙuri, ladanku yana sama." Wannan magana ta daɗe tana cutar malamai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, amma a 2025 sai da malaman firamare na Abuja suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki kafin a saurare su. Malamin da ya shiga yajin aiki don haƙƙinsa bai rasa bangaskiya ba, Littafin da yake karantawa cike yake da gargaɗi ga masu riƙe ladan ma'aikaci.

Abin kunyar ma a cikin gidanmu yake. Makarantu masu zaman kansu da coci-coci suka buɗe, da yawansu abin da suke biyan mai takardar NCE bai kai rabin wancan adadi ba, wasu kuma ba sa biya a watannin hutu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, to amma ikkilisiya ba da ma'aunin doka kaɗai take awo ba. Ana cire wa malama zakka daga ɗan abin da aka ba ta, a sa ta koyar a makarantar Lahadi kyauta, sannan a yi mamakin ganin ta tafi sayar da katin waya. A taron majalisar dattawa mai zuwa, kafin a zo kan batun sabon janareta da tayil ɗin bagade, wani ya ɗaga hannu ya nemi ma'aji ya karanto albashin malaman makarantar coci, suna bayan suna, da watan da aka biya kowa na ƙarshe.