Fostar karrama gwanar rini: a bar aikinta ya yi magana

Yau magana ce da masu haɗa fosta a waya, ko da Canva kake aiki ko PixelLab.

Yabon gwani ya zama dole, amma shi ma yabon yana da ƙa'ida. Ku duba yawancin fostocin karramawa da ke yawo a Facebook da WhatsApp: ruwan gwal, furanni, walƙiya ta ko'ina, sai a maƙala hoton mutum a tsakiya. Wanda aka yi wa ɗan siyasa, shi za a yi wa ango, shi kuma za a yi wa mai sana'a. A ganina, idan wanda ake karramawa mai fasaha ne, wannan rage masa daraja ne.

Mu ɗauki misalin Nike Davies-Okundaye, wadda ake kira Mama Nike. An haife ta a 1951 a garin Ogidi da ke Jihar Kogi ta yanzu, kuma ta yi suna a duniya da adire, wato rinin baba na Yarabawa. Wani a ɗaure yadin a tsoma, wani a zana shi da kunun rogo da gashin kaza, inda kunun ya taɓa rini ba ya kamawa. Ta buɗe cibiyar koyarwa a Osogbo a 1983, tana kuma da katafaren gidan baje kolin zane a Lekki, Legas. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano ya san irin wahalar da ke cikin shuni. To macen da ta ƙarar da rayuwarta a kan wannan, ina dalilin lulluɓe ta da gwal ɗin da manhaja ta bayar kyauta? Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da nake ganin ya dace shi ne, zanen yadinta ya ci fiye da rabin fostar. Launi ma daga jikinsa za ka ɗauka. Idan ka saka hoto a Canva, zai fito maka da launukan da ke cikin hoton a wurin zaɓen launi. Ɗauki shuɗi mai duhu da fari, ka tsaya nan. Rubutu kuwa kada ya wuce suna, sana'a da jimla ɗaya. Salon rubutu biyu ya isa, kuma ka gwada ko yana fitar da ƙ, ɗ da ɓ. Noto Sans yana fitarwa.

Babban abin da ke damuna shi ne AI. Yanzu mutum sai ya ce wa manhaja ta zana masa adire, ya ɗora sunan Mama Nike a ƙasa. Wannan ƙarya ce ka jingina mata. Zanukan adire suna da sunaye da ma'ana a wurin masu shi, na'ura kuwa kwaikwayo kawai take yi. Gobe ɗalibi ya sauke fostarka, ya ɗauka aikinta ne, ya yaɗa. Nemi hoton aikinta na gaske, ka nemi izini ko ka duba lasisinsa a Wikimedia Commons, sannan ka rubuta sunan mai hoton a gefe.

Na san wani zai ce ai kwastoma ƙyalƙyali yake so. Haka ne, amma kai ne gwanin. Haɗa masa guda biyu, ka nuna masa a ƙaramin allon waya, ya ga wacce ake iya karantawa ba tare da an zuƙo ba.

In ka gama, girman 1080 da 1350 yana zama daidai a Facebook da Instagram. Ajiye ta a PNG, idan kuma za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, don kada a matse ta ƙananan layukan zanen su dusashe.

Wane mai sana'ar hannu ne a garinku kuke ganin ya cancanci irin wannan fosta?