A Daina Ɗora wa Netwok Laifin Masu Manhaja

A ƙasar nan babu wanda ake yi wa ƙazafi kamar netwok. Kuɗi ya maƙale a na'urar POS, netwok ne. Ɗalibi ya kwana yana fama da shafin rajista, netwok ne. Mai saye da mai sayarwa sukan haɗa baki su tsine masa, su yi wa juna jaje, a watse. Ni kuwa na ce kaso mai tsoka na wannan laifi na waɗanda suka rubuta manhajar ne, da waɗanda suka ba da kwangilar.

Masu wannan sana'a sun kasa buƙatun manhaja gida biyu. Akwai abin da za ta yi: tura kuɗi, yin rajista, fitar da sakamako. Akwai kuma yadda za ta yi shi: cikin daƙiƙa nawa, mutum nawa za ta ɗauka a lokaci guda, me zai faru in sabis ya ɗauke ana tsakar aiki, wa zai iya leƙa bayanan jama'a, wace irin waya za ta hau. Ra'ayin da ya yi kaka-gida shi ne na farkon ne aiki, na biyun kwalliya ce: "A fara fitar da ita, sauran a gyara daga baya." Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma talaka ke biyan kuɗinsa.

Dillalin albasa a Aliero ta jihar Kebbi ba ya tsayawa kan girma da launi. Sai ya matsa wuyanta ya ji ko ta bushe, don ya san ko za ta jure ajiya, ko za ta kai Legas ba ta ruɓe a mota ba. Jure wa hanya yana cikin ingancin kaya tun daga gona. Don me za a karɓi manhajar da ba a gwada ta ko'ina ba sai a ofis mai sanyi da intanet mai gudu?

Mu tuna farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi na Babban Bankin Najeriya ya ɗauke takardar naira daga hannun mutane. Kasuwa irin ta Jega, da ta saba da kuɗi hannu, dole ta koma taransifa. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa durƙushewa saboda cunkoso, 'yan kasuwa da yawa suka koma OPay da Moniepoint. Waya ɗaya ce, layi ɗaya, gari ɗaya, amma wannan ta tafi, waccan ta tsaya. To ina laifin netwok a nan?

Zaɓen 25 ga Fabrairu na shekarar ya ƙara tona asiri. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe ko babu sabis, domin haka aka tsara ta tun farko. Amma da aka zo ɗora sakamako a shafin IReV, na 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi. Hukumar INEC da kanta ta ce matsalar daga tsarin nata ne, wanda ya saba da zaɓen jiha ɗaya, sai ga shi ya ɗauki ƙasa baki ɗaya. Shakkun da abin ya haifar sai da suka kai gaban Kotun Ƙoli.

Masu kare ra'ayin "a fara fitar da ita" za su ce babu kuɗi, babu lokaci, gara a fara da abin da ya samu. Gaskiya ne ba kowane inganci ake cimma a ranar farko ba. Sai dai akwai abin da in ba a sa shi a tushe ba, sai an rushe gini. Ɗauki manomi a Maiyama da ya danna "tura", sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. Manhajar kirki tana ba kowace hada-hada lambarta ta daban, don haka uwar na'ura za ta gane buƙata ɗaya ce ta zo sau biyu, ta cire kuɗi sau ɗaya. Wadda aka rubuta da gaggawa sai ta cire sau biyu, bawan Allah ya bar gona ya hau mota zuwa banki cike fom. Kuɗin da kamfani ya ce ya rage, daga aljihun manomin ya fito.

Raunin sabis a ƙauyukanmu ba sabon labari ba ne, kuma abin da aka sani tun kafin a fara aiki ba ya zama uzuri. A 2015 kamfanin Facebook ya fitar da Facebook Lite musamman don ƙananan wayoyi da layin 2G. M-Pesa ta Kenya ta fara a 2007 a kan wayar da ko intanet ba ta hawa.

Saboda haka duk hukumar da za ta ba da kwangilar manhaja a Kebbi, ta rubuta sharuɗɗa da alƙaluma: shafi ya buɗe cikin daƙiƙa kaza a kan 2G, ya ɗauki mutum dubu kaza a lokaci guda, ya adana aiki a waya har sabis ya dawo, ya yi magana da Hausa. Kada a biya cikon kuɗi sai an gwada ta a tsohuwar waya, a wani ƙauye tsakanin Jega da Maiyama. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da wannan filin gwaji a bakin ƙofarta. Ɗalibin da ya kawo manhaja don kammala digiri, a kashe masa data a gaban malamai, a ga yadda za ta kaya. In ta watse, bai gama aiki ba.