A Bar Zauren Ilmi A Buɗe

Ga wata magana da ta shafi samarin Kongolam da Mai'aduwa da Daura waɗanda suka kama sana'ar zamani, watau gyaran waya da aikin kwamfuta. In za su taru su koya wa juna, shin a bar ƙofa ga kowa ne, ko kuwa sai wanda aka aika wa goron gayyata?

Wannan gardama ba a nan ta fara ba. A ƙasar Amurka, cikin shekarar 2003, wani mai buga littattafan kwamfuta, Tim O'Reilly, ya kafa taro mai suna Foo Camp, ba mai shiga sai wanda aka kira. Cikin 2005 sai waɗansu suka yi nasu a garin Palo Alto, suka sa masa suna BarCamp, suka ce kowa ya zo, amma bisa sharaɗi: wanda ya zo ya ji, shi ma ya kawo abin da ya sani. Na biyun nan ne ya bazu cikin ƙasashe, har Afirka.

Lalle taron gayyata yana da nasa amfani. Mutane kaɗan ne, sun san juna, kowa ya faɗi kuskurensa ba kunya. Akwai kuma sanin da yake amana ne, kamar dabarar buɗe wayar da aka kulle. In an baza ta a kasuwa, ɓarawo ne zai fara cin riba. Irin wannan a yi shi tsakanin amintattu.

Amma illarsa babba ce. Mai gayya wanda ya sani yake kira, ɗan maƙwabcinsa da ɗan abokin cinikinsa. To, yaron da ya tsallako iyaka daga Matamaye, ga basira ba ubangida, wa zai tuna da shi? Haka basira takan mutu a bakin tasha.

Malamai sun riga sun nuna hanya. A karatun zaure ba a tambayar ɗalibi ɗan wane ne. Attajiri da ɗan dako tabarmarsu ɗaya, kowa da littafinsa, yana jiran a zo kansa ya biya. Ladabi shi ke tsare zauren, ba a bukatar ƙyaure.

Saboda haka maganar amana a yi ta a ɗaki, koyarwa kuwa a yi ta a zaure. Fatake da attajirai su taimaka da rumfa da wutar lantarki, domin yaran nan su ne za su riƙe lissafin dukiyarsu gobe. Allah ya sa a gane, amin. Wassalamu.