Wa Ya Auna Gangaren Kafin Katafila Ta Iso?

A Amurka akwai wata irin shari'a da ba ta cika shiga labarai ba: rigima tsakanin kamfanonin gine-gine, hukumomin tsara gari da maƙwabta kan yadda za a auna gangaren fili kafin a ba da izinin gina gidaje. Da farko na ɗauke ta cacar bakin lauyoyi kan alƙaluma. Yanzu ina ganin batu ne na rai da mutuwa.

Garuruwa da dama a can sun sa iyaka a kashi 15 cikin ɗari. Wato idan ka yi tafiyar ƙafa 100 ƙasa ta hau ƙafa 15, to daga nan doka za ta fara taƙaita abin da za ka gina. A baki abin da sauƙi. Amma daga ina za a kama awon, a ina za a tsaya? Ɗauki fili wanda rabinsa shimfiɗe yake, ɗaya rabin kuma gangarensa ya kai kashi 28. In aka haɗa aka raba biyu, kashi 14 za a samu, fili ya tsallake doka. In kuwa aka auna daidai inda za a haƙa tushen gini a jikin gangaren, ya kusa ninka iyakar. Safiyo biyu za su fito daga fili ɗaya da amsa biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ba nan kaɗai ake saɓawa ba. Taswirar da ta nuna tsayin ƙasa kowace ƙafa biyu tana bayyana ƙananan kwazazzabai da wadda ta nuna shi kowace ƙafa goma take haɗiyewa. Akwai kuma tambayar da ta fi kowace zafi: ƙasar da Allah ya halitta za a auna, ko wadda katafila ta riga ta baje? Hatta digiri 15 da kashi 15 ba ɗaya ba ne, domin digiri 15 ya kusa kashi 27.

A 2003 Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta tabbatar wa garin Atlantic Highlands ikon rage girman gini gwargwadon tsananin gangare, bayan wani kamfani ya ƙalubalanci dokar. Garin yana kan tudu mai kallon teku, ƙasarsa kuma ta sha zamewa. Birnin Los Angeles, a dokarsa ta 2011, ya yanka gangare mataki-mataki, ana lissafa kowane ɓangaren fili da matakinsa, don kada shimfiɗaɗɗen wuri ya rufa wa mai tsauri asiri.

Na san magina suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Gidaje sun yi tsada, wasu maƙwabta masu hali kuma suna fakewa da batun gangare ne kawai don kada a gina kusa da su. Wannan yana faruwa. Amma maganinsa shi ne doka ta fayyace hanyar awo ɗaya tak tun kafin kowa ya sayi fili, a auna ƙasa kafin a taɓa ta, kuma hukuma ta sa nata safiyon ya sake dubawa. Safiyon da mai gini ke biya, da wuya ya zaɓi hanyar da za ta rage wa uban gidansa fuloti.

Mutumin da ruwan sama zai kwaso wa laka da duwatsu yana can ƙasan tudu, galibi ba shi da lauya, ba a kuma gayyatarsa zaman ba da izinin gini. A watan Agustan 2017 dutsen Sugar Loaf ya zaftare a gefen Freetown ta Saliyo, inda aka sare daji aka yi ta gini a jikin tudu. Fiye da mutum dubu suka mutu ko suka ɓace.

Shi ya sa duk lokacin da na bi ta Katampe ko Mpape a Abuja na ga ana sassaƙe tudu ana dasa benaye, nakan so sashen kula da gine-gine na birnin ya buɗe wa jama'a takardun awon da ya dogara da su, musamman ga waɗanda ke kwana a ƙarƙashin waɗannan benaye.